Yadda Na Rubuta Sawu, da Abin da Ya Tona

Na san ku uku, Asma'u da Nura da Kabiru, kun ji labarin rabuwata da aikin kwamfuta daga bakuna daban-daban. Akwai masu cewa korata aka yi saboda sakaci, akwai masu cewa na ci amanar wanda ya ɗauke ni aiki, har na taɓa jin wani a kasuwar Ikara yana rantsuwa wai na kashe jariri da na'ura. A lokacin duk kuna makaranta, ban ga amfanin ɗora muku kayan da ba naku ba. Yanzu ido ya fara gajiya, hannu ma haka, gara ku ji daga bakina. Kowanne cikin masu maganar nan ya riƙo wani ɓangare na gaskiya, sai dai ba wanda ya riƙo ta duka.

Na fi shekara ashirin ina koyar da lissafi kafin in taɓa kwamfuta da hannuna. Wani kwas na hutu a Zariya ne ya ja ni, ga ni da furfura a gemu ina zaune cikin sa'annin 'ya'yana, kuma abin ya kama ni yadda kiwo ke kama wasu. Da na ajiye alli, sai ga Lawal har gida. Lawal ɗalibina ne tun yana aji ɗaya, ɗan Makarfi, yaro mai kai da ladabi. Ya zama injiniya, ya haɗa mutum goma sha ɗaya a wani ofis mai ɗaki biyu, ya ce in zo in zama na goma sha biyu. Abin da suke ginawa harsashi ne, wato tushen da ake ɗora manhajoji a kai, kamar a zuba harsashin gida a ja ruwa da wuta, sannan kowa ya ɗora irin ɗakin da yake so. A kan harsashin nan aka ɗora manhajar manoman rake da tumatir, aka ɗora ta makarantu, amma babbar cikinsu ita ce ta awon ciki, wadda ƙananan asibitocin ƙauyukan Ikara da Makarfi da Kudan suke aiki da ita.

Ga yadda take. Mace ta zo awo, ma'aikaciya ta auna jininta, ta shigar da suna da lambar kati da abin da awon ya nuna a waya. In jini ya hau, saƙo ya tafi babban asibiti, su kuma su kira wayar mijin su sa rana, wani lokaci har su turo mota. Hanyar da saƙon ke bi daga waya zuwa babbar na'ura, ni na rubuta ta da hannuna, kuma a nan na yi wani abu da na ɗauka alheri ne. A farkon aikin, duk sanda wani abu ya ƙi, sai jan rubutu na Turanci ya cika fuskar wayar, ma'aikata su tsorata su jefa ta cikin durowa su koma takarda. Sai na umarci hanyar tawa cewa in ta ci karo da abin da ba ta gane ba, ta yi shiru ta wuce. Jan rubutu ya ɓace, kowa ya yaba mini. Ku sani, Lawal ya taɓa cewa ya kamata mu riƙa ajiye bayanin duk abin da harsashin yake yi, abin da 'yan sana'armu ke kira log. Ni na ce wayoyin ƙanana ne, ba wurin ajiya, kuma wa zai zauna karantawa? Ya bar maganar don yana jin nauyina.

A farkon daminar shekarar da nake ba ku labari, wata mata mai suna Sa'adatu, matar wani manomi Malam Haruna a yankin Saulawa, ta je awo da ciki wata takwas. Ma'aikaciyar da ta auna ta ita ce Sista Rahila, 'yar kudancin Kaduna, wadda ta yi shekara tara a wurin har tana jin Fillanci. Ta ga jini ya hau, ta ba ta magani, ta ce ta rage gishiri, ta ce za a kira mijinta cikin kwana biyu. Kira bai zo ba. Malam Haruna yana ta shuka, ya ɗauka da abin ya yi tsanani da an kira. Bayan kwana goma jijjiga ta kama Sa'adatu. Kafin a samu mota a kai ta, ɗan ya riga ya tafi, ita ma da ƙyar aka ceto ta. Da aka zo bincike aka duba babbar na'ura, ba sunan Sa'adatu, ba lambarta. Aka ce Rahila ba ta shigar ba, aka dakatar da ita. Wasu a gari suka ƙara da abin da ba zan rubuta a nan ba, game da addininta da inda ta fito.

Ranar wata Talata na dawo daga gona bayan azahar, na tarar da Rahila zaune a tsakar gida kan tabarma, mahaifiyarku ta ajiye mata kunun zaƙi ba ta ko taɓa ba. Kakarku Inna tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Muka gaisa, ta tambayi gona, na tambayi yara, sannan ta ce:

"Baba Malam, ni ba roƙon a mai da ni aiki na zo yi ba. An ce kai ka san cikin abin nan. Na rubuta sunanta, na danna, wayar ta ce an adana. Da idona na gani. In ƙarya nake yi, kada Allah ya nuna mini girman 'ya'yana."

Na ce, "Sista, ban ce kin yi ƙarya ba. Ki bar mini wayar in duba."

Ta ce, "Ka duba, Baba. Ni dai abin da ke hana ni cin abinci, na fara tambayar kaina ko mafarki na yi."

Kwana uku ina duba wayar nan, na duba babbar na'ura, na duba duk inda ake dubawa. Babu komai. Ba shaidar ta shigar, ba shaidar ba ta shigar ba. Ni da na rubuta hanyar ba zan iya cewa ga abin da ya bi ta kanta ba. Ina ba mahaifiyarku labari a gindin mangwaro, Inna tana ji, sai ta ce:

"Ɗanjuma, shi wannan abin naku ba ya barin sawu ne? Ko akuya ta shiga gona ai ana ganin inda ta taka."

Washegari na hau babur na tafi Makarfi, na ce wa Lawal maganar da ya yi a baya shi ke da gaskiya, ya bar ni in rubuta. Ya ce to. Sunan da na ba abin shi ne Sawu.

Mako shida na yi a kai, kuma ban taɓa aikin da ya ci raina ya kuma yi mini daɗi kamarsa ba. Bayan sallar asuba in zauna har rana ta ɗaga, in je in duba masara, in dawo in ci gaba muddin sola ta ba da caji, wanda a damina ba kullum take bayarwa ba. Abin da nake so mai sauƙi ne a baki: duk abin da harsashin ya yi, ya rubuta layi guda, ya faɗi yaushe, a wane ɓangare, me ya faru. Na yi masa ƙofa ɗaya, yadda duk mai gina manhaja a kan harsashin zai kira shi da jimla guda ba tare da ya san abin da ke ciki ba. Na sa ya fara rubutawa a cikin wayar kanta, domin na san yadda sabis yake a ƙauyukanmu, sai an hau tudu ko an matsa bakin titi, in ya samu hanya sannan ya aika. Kuma na rubuta saƙonninsa da Hausa, don ma'aikacin da ke riƙe da wayar ya karanta ya gane.

Gwajin farko a Kudan na yi, kuma na sha kunya. Sawu ya zama kamar mai surutun da ba ya gajiya, ko taɓa fuskar waya aka yi sai ya rubuta. Cikin kwana uku wayar ta cika ta ƙi motsi. Ma'aikacin wurin ya kira ni ya ce, cikin ladabi, ko zan zo in cire masa wannan alherin. Daga nan na raba maganar Sawu hawa huɗu: ƙananan bayanai na mai gyara, sanarwa ta yau da kullum, gargaɗi, sai kuskure. Na ce a ranar lafiya ya riƙa rubuta ukun ƙarshe kawai, in wuri ya kusa cika ya share mafi tsufa, amma kuskure kada ya share shi sai ya tabbatar ya isa babbar na'ura. Sai wata matsalar ta ɓullo. Wayoyin nan in caji ya ƙare ƙaf, agogonsu ya kan koma wata shekara can baya, sai ka ga abin da ya faru yau ya riga na jiya. Na yi kwana biyu ina juya abin a kaina ina cirar ciyawa, daga baya na ba kowane layi lamba mai bin ta gabanta, ko agogo ya yi ƙarya lamba ba za ta yi ba.

Gyara mafi muhimmanci kuwa ba ni na gano shi ba. Wata rana mahaifiyarku ta leƙo ta bayana ta ga sunayen mata jere a fuskar kwamfuta, har da na wata maƙwabciyarmu. Ta ce:

"Malam, wa da wa ke karanta wannan?"

Na ce duk 'yan ofis.

Ta ce, "Maza goma sha biyu? Matar nan ko uwar mijinta ba ta gaya wa tana da ciki ba. Ka cire."

Na yi gardama, na ce da suna gyara ya fi sauƙi. Ta ce sauƙina ba shi ne sirrin mutane ba. Na cire. Tun daga ranar Sawu bai ƙara rubuta sunan kowa ba, lambar kati kawai.

Muka saka shi a duk wayoyin. Mako na farko shiru, sai gargaɗin rashin sabis. A mako na biyu, ranar Laraba da hantsi, na buɗe na ga layuka bakwai a hawan kuskure, duk daga asibiti ɗaya a yankin Nasarawan Doya, duk magana ɗaya: an ƙi karɓar saƙo, akwai alamar da ba a zata ba a gurbin suna. Na kwafi lambobin a takarda na hau babur. An yi ruwa, hanyar duk laka, sau biyu ina sauka ina turawa. Mai kula da wurin wani dattijo ne, Malam Isiyaku, wanda ya yi karatun allo mai zurfi kafin ya yi na aikin lafiya. Ya ɗauko rajistarsa ta takarda, ina kiran lamba yana karanto suna.

"Rabi'atu. Hauwa'u. Ma'u. Asma'u."

Da ya kira sunanki, Asma'u, sai na dakatar da shi. Na karɓi rajistar na duba. Duk bakwai ɗin suna da ɗan ɗigon nan mai wutsiya da ake sawa a sama tsakanin wasula biyu, mai tsaya wa hamza. To a yaren da nake yi wa na'ura magana, alamar nan ma'anarta zance ya ƙare. In aka rubuta Sa'adatu, na'ura ta karanta Sa, ta ga an rufe zance, ragowar ya zame mata shirme, ta ƙi saƙon gaba ɗaya. Hanyata kuma, kamar yadda na koya mata, ta yi shiru ta wuce, wayar ta ce an adana. Kowane ɗan koyo ya san ana tsare wannan ƙofar, ni ban tsare ba. Abin da ya sa ba a gano da wuri ba shi ne yawancin ma'aikata ba sa wahalar da kansu da alamar, Saadatu suke bugawa su wuce. Masu rubuta suna daidai, irin su Malam Isiyaku da Rahila, su abin yake kamawa. Kulawar Rahila ce ta kai ta ƙasa.

Ban samu lokacin zama in yi baƙin ciki ba, domin biyu daga cikin bakwai ɗin jininsu ya hau. Malam Isiyaku ya kira babban asibiti da wayarsa, ni na ɗauki ɗan uwan ɗaya daga cikin matan a babur ya nuna mini gidajen. Kafin la'asar duk biyun suna cikin mota. Duka sun haihu lafiya, alhamdu lillahi. Gyaran kansa bai kai tsawon sallar magariba ba, layi uku ne. Layi uku, 'ya'yana.

Da safe na je ofis na nuna wa Lawal. Ya daɗe yana kallon fuskar kwamfutar, sannan ya tashi ya rufe ƙofa.

Ya ce, "Malam, an gyara, ko?"

Na ce an gyara.

Ya ce, "To don Allah ya tsaya a ɗakin nan. Masu ɗaukar nauyin aikin in suka ji, rufewa za su yi. Mutum goma sha ɗaya ke ci daga nan, kowa da iyali. Kuma in an rufe, wa zai kira mazan matan? Rahila zan nema mata wani aikin a Zariya, na yi maka alkawari."

Na ce, "Aiki za ka nema mata. Sunanta fa?"

Ya ce, "Malam, kai ka koya mini lissafi. Mutum ɗaya a nan, ɗaruruwa a can."

Kada ku taɓa ɗaukar Lawal mugu. Hawaye ne a idonsa yana maganar nan, kuma rabin tsoron da yake ji ni yake jiye wa. Na ce ya ba ni kwana uku.

A kwana ukun nan gidanmu ya zama kotu. Baffanku Sule ya zo daga Kudan, ya ce ƙaddara ta riga ta faru, tonawa ba zai dawo da yaron ba, kuma in tuna ina da 'ya mace da za a zo neman aure, kada a ce 'yar wanda ya yi kaza ce. Mahaifiyarku a ranar farko daka kawai take yi da ƙarfin da ya wuce na hatsin. A rana ta biyu ta ce ita ba za ta ce in yi ko kada in yi ba, amma in sani duk ranar kasuwa tana haɗuwa da Rahila, kuma ba ta san inda za ta riƙa sa idonta ba. Inna ce ta yanke. Ta sa aka kira ni ɗakinta, ta ce:

"Ɗanjuma, yarinyar nan a kan tabarmata ta zauna ta yi rantsuwa da 'ya'yanta. Kai ka san gaskiya ta faɗa?"

Na ce na sani.

Ta ce, "To me kake tambayar mutane?"

Na koma wurin Lawal na gaya masa a fuskarsa cewa zan faɗa, don kada ya ji a bakin wani. Ranar da kwamitin lafiya ya zauna a Ikara, da wakilan masu ɗaukar nauyi da masu unguwanni, na nemi izinin magana. Ban yi dogon jawabi ba. Na ɗauko waya mai manhajar da ba a yi wa gyaran ba, na ba shugaban zaman, na ce ya rubuta Sa'adatu yadda ake rubuta shi. Ya rubuta ya danna, wayar ta ce an adana. Na buɗe Sawu na ce ya karanta da ƙarfi. Ya karanta: an ƙi karɓar saƙo. Na ce wannan shi ne abin da ya faru a Saulawa, Sista Rahila ta yi aikinta, wanda ya rubuta hanyar ni ne, wanda ya ce ta yi shiru ni ne, kuma shugabana ya taɓa ba da shawarar da za ta kare wannan, ni na hana. Rahila tana can baya a kan benci. Ba ta yi kuka ba, ta dai sa mayafi ta rufe fuskarta har aka tashi.

Duk abin da Lawal ya ji tsoro ya faru. Aka dakatar da manhajar awo har ƙarshen shekara don a bincike ta. Watannin nan ba saƙon da ya tafi ko'ina, aka koma takarda da sa'a, kuma ban san matan da suka shiga wahala a tsakanin ba. Wannan tambayar har yau tana zuwar mini, ba ni da amsarta. Mutum biyar a ofis suka rasa aiki, ɗayansu matarsa na da tsohon ciki. Ni ba wanda ya kore ni, na rubuta takarda na ajiye, domin ba zan iya zama a kujera waɗanda ba su yi laifi ba suna waje. Na koma gona da koyar da yara lissafi a zaure. Lawal ya yi shekara huɗu bai taka gidan nan ba, sai ranar jana'izar Inna, ya zo ya kama makara tare da ni, muka ci gaba daga nan ba tare da mun tayar da maganar ba. An mai da Rahila aiki da takardar wanke ta, amma ta nemi a mai da ita gida kudu, ta ce ta gaji da kallon da ake mata, na zargi da na tausayi duka. Sawu kuwa Lawal bai cire shi ba. Shi ne ma ya nuna wa masu binciken har suka yarda aka sake buɗe aikin, kuma na ji an ce har yanzu duk abin da aka gina a kan harsashin da shi yake tafiya.

Saura abu ɗaya, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba sai mahaifiyarku. Mako guda bayan zaman kwamiti na je gidan Malam Haruna. Na same shi yana gyaran garma a ƙofar gida. Muka gaisa doguwar gaisuwa, na yi masa ta'aziyya, na gaya masa ko ni wane ne da abin da na yi. Ya ce Allah ne mai bayarwa, shi ne mai karɓa, shi ya yafe duniya da lahira. Na ce ina so in roƙi maiɗakinsa ita ma, in ya yarda. Ya shiga ya fito, ya ce in shigo. Tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, ta rame, ba za ta wuce shekara ashirin da biyar ba. Na durƙusa daga nesa na yi mata bayani da kalmomin da zan iya. Ta saurara har na gama, sannan ta ce:

"Baba, nuna mini abin."

Ba ta yi boko ba. Na sa yatsa na rubuta sunanta a ƙasa da manyan baƙaƙe, na nuna mata ɗan ɗigon a sama. Ta sunkuyo ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Wannan ɗan mitsitsin?"

Na ce shi ne.

Ta ce, "Da sunana Ladi ne, da ɗana yana nan?"

Mijinta ya ce ta yi istigifari. Na ce ya bar ta, tambaya ce ta gaskiya. Na ce mata rai a hannun Allah yake, ban isa in ce zai rayu ba, amma da an kira mijinta, da an kai ta asibiti kwana takwas kafin abin ya faru. Na ce laifin ba na sunanta ba ne, nawa ne, kuma ina roƙon ta yafe mini.

Ta tashi a hankali ta shiga ɗaki, ta fito da ƙwaryar ruwa ta ajiye a gabana, ta koma ciki ta saki labule. Na sha ruwan, na yi sallama da Malam Haruna, na hau babur.

Na ji ta sake haihuwa sau uku, duk suna raye. Duk kaka ina aika musu da buhun masara ta hannun wani direba, suna karɓa, Malam Haruna yana aiko da godiya. Ita dai har yau ba ta ce ta yafe ba, ni kuma ban sake tambaya ba, domin haƙƙinta ne, ba a ƙwatarsa da naci. Abin da nake so daga gare ku shi ne, ranar da Allah ya karɓi raina, bayan an yi sadakar uku, ɗayanku ya shirya ya je Saulawa. Ku tambayi gidan Malam Haruna, kowa ya sani. Ku gaya mata tsohon nan da ya rubuta sunanta a ƙasa ya rasu, ku sake roƙa mini sau ɗaya. Duk abin da ta ce, ku yi mata godiya ku dawo.